Agustin Na Hifo, Malamin Da Ya Tona Asirin Kansa

Mu da mu ke koyon aikin malanta, an saba ba mu labarin mutanen da suka yi fice don mu yi koyi da kyawawan halayensu. Galibi masu rubuta irin wannan labari su kan tsince abin yabo su ajiye mana, abin kunya kuwa su tura shi ƙarƙashin tabarma. To, yau ga labarin wani malami wanda shi da hannunsa ya ɗage tabarmar, ya nuna wa duniya abin da ke ƙarƙashi. Sunansa Agustin, mutumin Afirka ta Arewa ne, ya yi zamani cikin mulkin Rumawa, ya rasu shekara 192 kafin Hijira. Bayan manzanni, Kiristocin ƙasashen Turai ba su da wani malami wanda maganarsa ta yi nauyi kamar tasa a kan sha'anin zunubi, tun ba zunubin da su ke kira ƙazanta ba. Duk wanda ya ke so ya gane abin da su ke nufi da wannan kalma, hanya mafi sauƙi ita ce ya bi sawun mutumin nan tun daga ƙuruciya har kabari.

Kafin mu shiga labarin sai mu daidaita kalmar. A bakinmu in an ce ƙazanta, abin da ke fara zuwa ga rai shi ne dauɗar jiki ko ta tufa, ko najasa wadda a ke gusarwa da ruwa. Cikin Attaura ma akwai dokoki da yawa irin waɗannan, a kan abinci, da taɓa gawa, da kuturta. Amma cikin Linjila, sura ta 7 ta littafin Markus, an nuna Yesu yana koya wa almajiransa cewa abincin da ke shiga cikin mutum ba shi ke ƙazantar da shi ba, sai abin da ke fitowa daga zuciyarsa, irin su mugun tunani, da fasikanci, da sata, da haɗama, da girman kai. Manzo Bulus kuma cikin wasiƙunsa ya kan jera ƙazanta tare da zina da lalata, cikin ayyukan da ke raba mutum da Allah. Saboda haka ga Kirista ƙazanta laifi ce ta zuciya, wadda mai ita zai amsa gaban Ubangijinsa. Shimfiɗa wannan koyarwa daki daki, da kawo hujjojinta, Agustin ya fi kowa aikinsa, kuma da tsada ya saye ta.

ƘURUCIYA A TAGASTA

An haife shi ran 13 ga watan Nuwamba, shekara ta 354, a wani ƙaramin gari mai suna Tagasta, wanda yanzu a ke kira Suk Ahras cikin ƙasar Aljeriya. Ubansa Fatrisiyus ɗan majalisar gari ne mai 'yar gona, yana bin addinin gargajiya na Rumawa, ga zafin rai, ga kuma neman mata bayan matarsa. Uwarsa Monika Kirista ce mai haƙuri da yawan addu'a. Abu guda ya haɗa ra'ayin iyayen nan biyu, watau yaron ya yi karatu ya zama gwanin magana, gama a zamanin nan fasahar baki ita ce tsanin da ɗan talaka ke takawa ya kai ga aikin hukuma. Aka sa shi makaranta a garinsu, ya sha bulala, ya ƙi jinin harshen Yunanawa, amma ya so na Latin ƙwarai. Daga nan aka tura shi wani gari kusa mai suna Madaura, ya ƙara ilmi.

Yana da shekara 16 sai kuɗin makaranta ya yanke, ya komo gida ya yi shekara guda cur yana zaman banza. Ran nan ubansa ya gan shi a gidan wanka, ya lura yaro ya balaga, sai ya tafi gida yana murna, wai ya kusa ganin jikoki. Uwar kuwa tsoro ya kama ta, ta ja ɗanta gefe ta yi masa gargaɗi ya guji fasikanci, fiye da kome kada ya kusanci matar wani. Shi kuwa ya ɗauki maganar surutun mata ce, har ya ji kunyar binta. Ba wanda ya yi shawarar yi masa aure, don kada mace ta tare masa hanyar karatu. Ya faɗa cikin samarin gari, kowa na fariya da irin lalatar da ya yi, har ya kan ƙaga laifin da bai aikata ba ya ɗora wa kansa, don kada abokai su raina shi su ce yaro ne. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Cikin shekaran nan ne aka yi wani ɗan abu wanda ya tsaya masa a rai har tsufa. Akwai wani itace cike da 'ya'ya a lambun maƙwabcinsu. Wata rana da tsakad dare shi da abokansa suka je suka kakkaɓe shi, suka kwashi kaya niƙi niƙi, suka ɗan ɗanɗana, sauran suka watsa wa aladu. Da yawa cikinmu mun yi abin da ya fi wannan a lambun mangwaron wani, mun manta. Amma Agustin, bayan fiye da shekara 25, ya zauna ya yi ta juya abin nan yana bincike. Ba yunwa ya ke ji ba, a gidansu akwai waɗanda suka fi su daɗi, kuma ya tabbata da shi kaɗai ne da bai yi ba. Ashe abin da ya so shi ne laifin kansa, da daɗin keta doka tare da jama'a. Dalilin da ya sa ya ba wannan 'yar sata muhimmanci ke nan: a sha'anin mata mutum ya kan sami mafaka, ya ce jiki ne ya rinjaye shi, amma a nan babu jikin da za a ɗora wa laifi, sai zuciya tsirara.

KARTAJ

Wajen shekara ta 371 wani mai arziki na garinsu mai suna Romaniyanus ya taimaka da kuɗi, aka tura shi Kartaj, babban birnin Rumawa na Afirka, wanda kangonsa ke nan kusa da Tunis. A wajen lokacin nan ubansa ya rasu, bayan ya karɓi baftisma dab da ajalinsa. Saurayi ya sami kansa cikin babban birni, ba mai tsawata masa, ga gidajen wasan kwaikwayo, ga mata. Bai daɗe ba ya ɗauki wata yarinya wadda asalinta bai kai nasa ba, suka zauna tare. Zaman nan ya fi kusa da abin da mu ke kira zaman dadiro, sai dai al'adar Rumawa ta san da shi, ba a ganinsa abin kunya ga saurayi mai jiran ya sami matsayi kafin ya auri 'yar babban gida. Ya riƙe ta ita kaɗai wajen shekara 14. Suka haifi ɗa namiji wanda ba su nema ba, amma da ya zo suka so shi, suka sa masa suna Adiyodatus, ma'anarsa kyautar Allah.

Yana da shekara 19 ya karanta wani littafin Sisero, masanin Rumawa, mai suna Hortensiyus, wanda yanzu ya ɓace. Littafin nan ya hura masa wutar neman hikima. Ya buɗe Littafi Mai Tsarki na uwarsa, ya ga Latin ɗin da aka juya shi ciki ba shi da armashi ga kunnen ɗalibin fasaha, sai ya rufe. Daga nan ya faɗa hannun mabiya Mani, wani mai da'awar annabci da ya yi zamani a ƙasar Farisa cikin ƙarni na 3. Su kuwa koyarwarsu ita ce, tun azal akwai mulki biyu, na haske da na duhu. Ran mutum ɓarɓashin haske ne da aka kulle cikin jiki, jiki kuwa na duhu ne, ƙazami tun asalinsa. In mutum ya yi lalata, ba shi ya yi ba, duhun da ke cikinsa ne. Mai neman uzuri ina zai sami wanda ya fi wannan? Agustin ya shekara 9 cikinsu, yana sahun masu sauraro, waɗanda ba a ɗora musu tsananin da a ke ɗora wa zaɓaɓɓu ba. Monika ta yi ta kuka, har da fari ta hana shi cin abinci a gidanta.

Duk wannan lokaci sana'arsa koyarwa ce, irin wadda mu ke shirin shiga. Ya koyar a Tagasta, sa'an nan ya buɗe makarantar fasahar magana a Kartaj. 'Yan makarantar birnin nan kuwa ba su da ladabi ko kaɗan, su kan faɗo cikin ajin da ba nasu ba su hargitsa darasi, ba mai hukunta su. Da ya ji an ce na Rum sun fi natsuwa, sai ya ƙudura tafiya cikin shekara ta 383. Uwarsa ta bi shi har bakin teku tana roƙo, ko ya fasa ko ya tafi da ita. Ya yi mata ƙarya, ya ce wani aboki ya ke wa rakiya, ya lallashe ta ta kwana a wani ɗakin addu'a kusa da gaɓa, da dare jirgi ya tashi da shi. A Rum ya tarar yara na da natsuwa, amma da ranar biyan kuɗi ta matso sai su haɗa baki su koma wurin wani malami.

MILAN

Cikin 384 ya sami babban matsayi, aka naɗa shi malamin fasahar magana na birnin Milan a ƙasar Italiya, inda Sarkin Rum ke zaune a lokacin. Zuwa sa'an nan ya riga ya fara shakkar mutanen Mani, gama da ya gana da babban malaminsu Faustus ya tarar daɗin baki ne kawai, ba zurfin sani. A Milan akwai bishop, watau shugaban ikilisiyar birni, mai suna Ambros, shahararren mai wa'azi. Agustin ya riƙa zuwa jin wa'azinsa don ya auna gwanintar bakinsa, kamar yadda maƙeri ke duba aikin maƙeri, sai ma'anar ta riƙa shiga tare da lafazin.

Monika ta biyo shi Milan, ta shiga neman masa auren da ya dace da matsayinsa. Aka sami 'yar babban gida, aka yi baiko, amma saura shekara 2 ta isa aure. Dangin yarinya ba za su yarda da waccan ta gida ba, saboda haka aka raba shi da ita, aka sa ta a jirgi ta koma Afirka, ta bar ɗanta a hannunsa, ta yi wa Allah alkawari ba za ta ƙara sanin wani namiji ba. Shi da kansa ya shaida rabuwar nan ta yage masa zuciya har ta yi jini. Duk da haka bai iya haƙurin shekara biyun nan ba, sai ya ɗauko wata mace. Ya ga macen da ba ta yi karatu ba ta iya abin da shi babban malami ya kasa. Cikin dukan littattafansa bai ambaci sunanta ba ko sau ɗaya, kuma daga ranar da ta shiga jirgi ba a ƙara jin ɗuriyarta ba. Ko mai ƙaunar Agustin ba zai iya wanke shi a nan ba, shi ma bai nemi ya wanke kansa ba.

Cikin 386 ya karanta waɗansu littattafan mabiya Aflatun, suka warware masa ƙullin da mutanen Mani suka ɗaura. Ya gane mugunta ba wata halitta ba ce mai zaman kanta, rashin alheri ce a wurin da ya kamata a same shi, kamar yagewa a jikin riga, wadda ba masaƙin da ya saƙa ta. In haka ne, duk abin da Allah ya halitta mai kyau ne, har da jiki da gaɓoɓinsa. To, in jiki ba shi da laifi, laifin na wane ne? Sai ya ga ba sauran wurin ɓuya. Nufinsa ne ya karkace, ya so ƙaramin abu fiye da babba, ya fifita kyauta bisa Mai bayarwa. Ya kwatanta halinsa da sarƙa wadda shi ya ƙera wa kansa: karkataccen nufi ya haifi sha'awa, sha'awar da aka biye wa ta zama sabo, sabon da ba a yi tsayayya da shi ba ya zama tilas. Hausawa sun ce sabo turken wawa, ga shi ya ɗaure mai wayo. Ya tuna ma tun yana saurayi ya kan roƙi Allah ya ba shi kamun kai, amma ya ƙara da roƙon a ɗan jinkirta, don yana tsoron kada a amsa da wuri.

Cikin watan Agusta na shekaran nan wani ma'aikacin fada, mutumin Afirka mai suna Fontishiyanus, ya kawo musu ziyara shi da abokinsa Alifiyus. Ya ba su labarin Antoni na Masar, wanda ya rabar da dukiyarsa ya shiga hamada don bautar Allah, da na waɗansu ma'aikatan sarki biyu da suka karanta labarinsa suka ajiye aiki nan take. Da baƙo ya tafi, Agustin ya fita lambun gidan hankalinsa a tashe, yana so, yana kuma ƙi. Ya faɗi ƙarƙashin wani ɓaure yana kuka. Can sai ya ji muryar yaro daga gidan maƙwabta tana rera waƙa, tana maimaita a ɗauka a karanta. Ya ɗauki wannan umurni ne gare shi, ya koma inda ya ajiye littafin wasiƙun Bulus, ya buɗe, idonsa ya faɗa kan ƙarshen sura ta 13 ta wasiƙa zuwa ga Romawa, inda a ke hani ga shashanci da maye da lalata da husuma, a ke umurtar mai bi ya yafa Almasihu kamar tufa. Bai ƙara gaba ba, ya rufe littafin, shakka ta yaye. Yana da shekara 31.

Ya kamata mu lura, ikilisiya ba ta hana shi aure ba, kuma da ya auri yarinyan nan ba wanda zai ce ya yi zunubi. Shi ne ya san kansa, ya zaɓi ya bar aure da matsayi gaba ɗaya. Ya ajiye aiki da hujjar ciwon ƙirji, wanda kuwa yana fama da shi da gaske, ya koma wani gidan gona a Kasisiyakum ya yi 'yan watanni. Daren Idin Tashin Almasihu, cikin Afrilu 387, Ambros ya yi masa baftisma, shi da ɗansa da Alifiyus. Suna kan hanyar komawa gida Monika ta rasu a Ostiya, bakin tekun Rum, tana da shekara 56, ta ga abin da ta daɗe tana roƙo. Ya isa Afirka cikin 388. Ya rubuta wani ɗan littafi a kan aikin malami, tattaunawa ce tsakaninsa da Adiyodatus, yaro mai kaifin basira ƙwarai. Ba a daɗe ba yaron ya rasu, bai kai shekara 20 ba.

BISHOP NA HIFO

Cikin 391 ya je Hifo, garin bakin teku wanda yanzu a ke kira Annaba. Yana cikin majami'a jama'a suka gane shi, suka kama shi suka tura gaban tsohon bishop Baleriyus, aka naɗa shi firist yana hawaye. Wajen 395 ya zama bishop, ya riƙe aikin kusan shekara 35, yana wa'azi, yana yanke shari'a tsakanin masu gardamar gado da bashi tun safe har azahar, da dare yana rubutu.

Wajen 397 ya fara littafin da ya fi shahara, wanda za mu iya kira Iƙirari, kashi 13, daga farko har ƙarshe da Allah ya ke magana. Kusan duk abin da muka faɗa a baya daga cikinsa aka sani. Abin mamaki, bai tsaya ga laifofin ƙuruciya ba. Cikin kashi na 10 ya juyo kan kansa yadda ya ke a lokacin, yana bishop, mutane na ganin girmansa. Ya faɗi cewa surorin tsohon hali har yanzu su kan zo masa cikin mafarki, ya kan zarce ƙima wajen abinci, daɗin muryar mawaƙa ya kan ɗauke masa hankali daga ma'anar waƙar ibada, yabon mutane kuma na yi masa daɗi. Da wannan ya nuna ƙazanta ta fi sha'anin mata faɗi, kuma tsarki yaƙi ne wanda ba a kwance ɗamararsa sai ran mutuwa.

Wajen 401 ya rubuta littafi a kan alherin aure, don a lokacin akwai masu zafin ibada da ke ƙasƙantar da shi. Ya ce aure abu ne mai kyau ta fuska uku: 'ya'ya, da amana tsakanin miji da mata, da ɗaurin da ba ya kwancewa. Cikin littafin nan akwai wani hukunci da mai karatu ba zai kasa gane wanda a ke nufi ba. Ya ce namijin da ya ɗauki mace na ɗan lokaci, kafin ya sami wadda ta dace da matsayinsa ko dukiyarsa, mazinaci ne a zuciyarsa, kuma wadda ya ke zaune da ita ce ya ci amanarta. Ita kuwa, in ta riƙe shi shi kaɗai, bayan an rabu ba ta nemi wani ba, ba zai yi saurin kiranta mazinaciya ba. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, amma shi nasa ya haƙa. A kan mumbari kuma ya riƙa faɗa wa mazan Hifo abin da ba su son ji, cewa amanar da su ke nema ga matansu ita ce a kansu, kuma kwana da kuyangar gida zina ce ko da dokar gari ta yi shiru.

MATAN RUM

Cikin Agusta 410 Gotawa, ƙarƙashin sarkinsu Alarik, suka ci birnin Rum, suka yi kwana 3 suna ganima. Aka yi wa mata da yawa fyaɗe, har da 'yam matan da suka keɓe kansu ga Allah. Waɗansu suka kashe kansu don gudun abin kunya, waɗanda suka rayu kuwa aka riƙa dubansu kamar ƙazamai. Rumawa suna da wani tsohon labari na Lukretiya, matar da ɗan sarki ya yi wa fyaɗe ta soke kanta da wuƙa, suna yabonta suna kafa misali da ita.

A nan aka ga amfanin abin da Agustin ya koya da wahala. Cikin kashin farko na babban littafinsa Birnin Allah, wanda ya fara cikin 413 ya gama cikin 426, kashi 22, ya tsaya wa matan nan. Ya ce kamun kai halin zuciya ne, ba ya cikin dukiyar da ɗan fashi ke iya ƙwacewa. Muddin mace ba ta yarda ba, laifin duka na wanda ya tilasta ta ne, tsarkinta na nan daram, har na jikinta. Ya yi tambaya a kan Lukretiya, in ta yi zina don me a ke yabonta, in kuwa ba ta yi ba don me aka kashe marar laifi. Ya hana mata kashe kansu saboda zunubin wani. Gaskiya ne ya haɗa da wata magana mai ɗaci, cewa watakila waɗansunsu sun yi alfahari da tsarkinsu ne aka ƙasƙantar da su, masu karatu da yawa kuwa ba su ji daɗin wannan ba. Duk da haka gindin hukuncinsa ya tsaya: ba mai iya shafa wa wani ƙazanta daga waje.

GARDAMA DA FELAJIYUS

Sauran tambaya guda, in laifin na nufi ne, ashe mutum ba zai iya gyara nufinsa da kansa ba? Wani mai tsananin ibada daga tsibirin Birtaniya, sunansa Felajiyus, ya ce zai iya. Ya ga sakacin Kiristocin Rum ya yi yawa, da kuma ya ji an karanta wata addu'a ta cikin Iƙirari, inda Agustin ke roƙon Allah ya ba shi ikon yin abin da ya umurta, sai ya husata. A ganinsa Allah ba ya umurtar abin da ya fi ƙarfin bawa, wanda duk ya yi niyya zai iya zama ba zunubi. Agustin ya amsa da abin da ya gani a jikinsa, gama ya yi shekaru yana so ya bari ya kasa. Ya koyar cewa dukan 'yan Adam sun gaji rauni daga laifin kakansu, alamarsa kuwa ita ce sha'awar da ba ta jin umurnin mai ita. Baftisma tana kawar da alhakin, amma karkatar tana nan, ba ta zama zunubi sai an ba ta yarda, kuma ba mai rinjayarta sai da alherin Allah. Majalisar bishop bishop da ta zauna a Kartaj cikin 418 ta ƙi koyarwar Felajiyus.

Gardama ba ta mutu nan ba. Wani bishop matashi na Italiya, Yuliyan na Eklanum, ya yi shekaru yana sukarsa, yana cewa sha'awar miji da mata halitta ce mai kyau, Agustin dai bai gama wanke hannunsa daga mutanen Mani ba. Cikin zafin jayayya Agustin ya kai har ga cewa jariran da suka mutu ba baftisma ba za su tsira ba, ko da ya ke hukuncinsu shi ne mafi sauƙi. Kiristoci da yawa na baya ba su bi shi a kan wannan ba, ikilisiyoyin Gabas kuwa ba su taɓa karɓar koyarwar gadon zunubi yadda ya tsara ta ba. Amma a Yamma, da Katolika da su Luta da Kalbin, duk daga rijiyarsa suka sha.

ƘARSHENSA

Almajirinsa Fosidiyus, wanda ya rubuta labarin rayuwarsa, ya ce bai yarda mace ta zauna cikin gidansa ba, ko da 'yar'uwarsa ce, kuma ba ya ganawa da mace sai da shaida. A jikin teburin cin abincinsa ya sa an rubuta gargaɗi ga masu cin naman wanda ba ya nan, ya kan kuwa tsawata wa manyan baƙi in suka manta. Da ya tsufa ya bi littattafansa 93 ɗaya ɗaya, yana nuna inda ya yi kuskure. Cikin 429 Bandalawa suka ƙetaro daga ƙasar Sifen, shekara ta gaba suka yi wa Hifo zobe. Cikin wata na uku na zoben nan zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya sa aka rubuta masa Zaburar tuba aka manna a bango inda zai gani daga gado, ya roƙi a bar shi shi kaɗai, ya yi kwana 10 yana karantawa yana kuka. Ya rasu ran 28 ga Agusta, 430, yana da shekara 75. Bai bar wasiyya ba, don ba shi da abin bari sai littattafai.

Mun saba cewa hali zanen dutse ne. Labarin mutumin nan ya nuna zanen ya kan yi zurfi, ya kuma nuna a kan sāke shi, ko da ya ke tabon ba ya ɓacewa. Ba da daɗewa ba za a damƙa wa kowannenmu aji, cikinsa kuwa ba za a rasa yaro mai shekara 16 ba, mai kaifin kai, mai jin kunyar a ce shi na kirki ne. Malaman Agustin na ƙuruciya sun yi masa bulala a kan karatu, ba wanda ya tambayi abin da ke cikin zuciyarsa. Mu da za mu riƙa duba farce da wuyan riga kowace safiya, kada mu tsaya nan.